Yankari da Kuɗin Masu Gadinsa

Yawancin masu zuwa Yankari ruwan ɗumin Wikki ne ke kai su: a yi wanka, a ɗauki hoto, a kamo hanyar gida. Alhali dukiyar wurin tana can cikin daji, a gefen Kogin Gaji, inda ɓauna da gwanki da dorina ke shan ruwa tare da ɗaya daga cikin garkunan giwaye na ƙarshe da suka rage a Najeriya. Gandun yana Ƙaramar Hukumar Alkaleri, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. An keɓe shi a 1956, ya koma hannun gwamnatin tarayya a 1991, sannan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006.

Da kaɗan-kaɗan irin wannan daji ke lalacewa. Albashin masu gadi ya makara, motar sintiri ta kwana babu mai, mafarauci kuwa ya riga kowa sani. Da rani makiyayi ya kutsa da shanu, mai gawayi ya kayar da itace a bakin iyaka, manomi ya ƙara kunya biyu bana, ya ƙara uku baɗi. Kowa da hujjarsa, kuma gaskiya wanda giwa ta tattake masa dawa cikin dare ba zai saurari wa'azin kare namun daji ba sai an biya shi diyya.

Gyaran ba ya buƙatar abin al'ajabi. Tun daga 2014 da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta karɓi ragamar sintiri bisa yarjejeniya da jihar, aka riƙa biyan masu gadi alawus da ba su kayan aiki, kashe giwaye don haure ya ragu ƙwarai.

Wanda ke ganin wannan almubazzaranci ne, ya tuna Sambisa ma gandun namun daji ne kafin a yi watsi da shi, Kamuku na Birnin Gwari kuma har yau sunansa na cikin jerin gandayen ƙasa. Kowa ya san waɗanda suka gaje su. Ga kuma rijiyoyin man Kolmani da aka ƙaddamar a 2022 a yankin na Alkaleri, waɗanda za su jawo hanyoyi da jama'a.

Mutanen Bauchi, ku tambayi 'yan majalisarku nawa aka ware wa Yankari a kasafin bana, nawa kuma aka saki.