Zato Daban, Lissafi Daban: Kalmomin Da Ke Cin Jarin 'Yan Kasuwar Damagaram

Duk wanda ya saba shiga Kasuwar Dole da ke birnin Damagaram, ko ya taɓa zama a rumfunan 'yan hatsi na Matameye da Magariya, ya san akwai kalmomin da ba sa barin bakin masu saye da sayarwa. Wannan ya ce "ina zaton gero zai tashi", waccan ta ce "ina tsammanin baƙi ranar Alhamis", wani kuma ya ce "na yi lissafi, cinikin ba zai fitar da ni ba". A kunne duk kamar abu ɗaya ne, wato tunani, amma a aljihu ba ɗaya ba ne, domin jari da yawa ya karye ne a daidai inda mai shi ya ɗauki zato a matsayin lissafi.

Abin da ya taso da wannan magana shi ne, a watan Maris na 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, suka bar Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ga kuma 'yan kasuwarmu da ke sarin kaya a Kano da Legas suna cin karo da Ingilishi a rasit da saƙon waya. A wannan harshe akwai wata kalma, "reason", wadda masu fassara kan mayar da ita "tunani", kamar yadda suke yi wa "think". To amma masu harshen sun bambanta su. Ta biyun ta haɗa duk abin da ya ɗarsu a zuciya, ko da dalili ko babu. Ta farkon kuwa ita ce mutum ya tashi daga abin da ya tabbatar, ya bi shi daki-daki har ya kai ga hukunci. Suna kuma da "guess", wato cinke ko kintace. Idan abokin ciniki ya rubuto maka ita game da ranar isowar kaya, to ka sani bai ɗauki alkawari ba.

Wani abin sha'awa shi ne asalin kalmar daga lissafi yake. Ita da takwararta ta Faransanci, "raisonner", wadda 'yan lakwal suka sani, duk sun samo tushe daga wata kalmar Latin da ke nufin ƙidaya da lissafin kuɗi. Mu kuma "hankali" daga Larabci muka aro ta, kuma a can tushenta ɗaya da igiyar da ake dabaibaye raƙumi. Mutanen Zango, unguwar da ayarin Azbin da fataken Tarabulus suka riƙa sauka a zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani: raƙumin da ba a dabaibaye ba, da safe sai bin sawu. Haka zuciyar ɗan kasuwa take idan ta ga riba.

Hausa ba ta gaza ba wajen rarrabe waɗannan abubuwa. Zato shi ne abin da zuciya ta raya ba tare da shaida ba, shi ya sa aka ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya. Tsammani jira ne da sa rai, irin na malamin da ya ƙi noma don zakka. Ƙiyasi shi ne a auna abin da ba a sani ba da wanda aka sani, kamar mai duban buhu ta ce zai yi tiya 40 domin ta sha auna irinsa. Hasashe hangen gaba ne. Lissafi kuwa lamba ce, ba ya karɓar "wataƙila".

A ɗauki misalin mai sayen gero da kaka don ta ajiye. Idan ta ce zai yi tsada domin bara ya yi, ƙiyasi ta yi da shekara guda tak. Idan ta ce zai yi tsada domin maƙwabciyarta ta faɗa, zato ne ta aro. Amma idan ta tambayi yadda damina ta kasance a ƙauyukan da ke kawo hatsi, ta bincika ko iyaka a buɗe take, sannan ta haɗa kuɗin buhu da na ɗan dako da na sito da abin da ƙwari za su ci, wannan ita ce ta bi dalili. A ce ta sayi tiya a sefa 500, ɗawainiya ta ci 75, to duk farashin da bai kai 575 ba faɗuwa ce, ko da ana yi mata barka da riba.

Harkar canji ma haka take. Idan mai karatu bai manta ba, a watan Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, alhali mutane da yawa na zaton kuɗin ba ya motsi. Tun 1999 kuma sefa ke ɗaure da yuro a kan 655.957. Naira ba ta da irin wannan turke, musamman bayan da gwamnatin Nijeriya ta sake ta ga kasuwa a watan Yunin 2023. Saboda haka wanda ya ji naira ta faɗi a gaban kuɗin Turai, ba sai ya je wurin ɗan canji ba kafin ya san ta faɗi a gaban sefa, kuma bashin da ya bayar da naira ya rage ƙima. Haka nan wanda ya ga an rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, yana da hujjar ƙin zuba dukan jarinsa a kayan da ke ruɓewa a hanya.

Ko a bakin ciniki sai an yi hattara. Jika a Damagaram sefa 1,000 ce, wato dala 200, amma jaka a Kano naira 200 ce. Mutum biyu na iya sallamawa kowa na zaton sun daidaita, sai an zo biya rigima ta tashi. A nan ma akwai bambanci tsakanin musu da kawo hujja: mai musu so yake ya yi rinjaye, mai hujja kuwa yana nuna wa abokin ciniki nawa ya saro da nawa ya kashe, har shi da kansa ya ga inda farashin ya fito.

Shawara ga iyayenmu mata da sauran 'yan kasuwa ita ce, kafin a kwance bakin zane ko a zaro kuɗi daga aljihu, a tambayi kai: wannan abin na gani ne, ko ji na yi, ko so nake ya kasance? Wanda ya ce muku "ina ganin", ku tambaye shi me ya gani. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.