Tsatsar But da Hatsarin Tankin Mai a Tsohuwar Fijo

Ga bayani a kan motar nan Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo. An fara ƙera ta a Faransa cikin 1968, sa'an nan daga 1975 aka shiga harhaɗa ta a Kaduna har kimanin shekara 30. Yanzu an daina, amma har yau akwai dattawan da suka riƙe tasu, sun ƙi rabuwa da ita. To, irin wannan mota injinta yakan daɗe. Abin da ke kashe ta shi ne tsatsa, kuma tsatsar takan fara ne a inda ido ba ya kaiwa, wato ƙasan but, akwatin kaya na baya.

Dalili kuwa a fili yake. Robar bakin murfi in ta tsufa sai ta tsattsage, ruwan damina ya riƙa zurarawa ya kwanta ƙarƙashin shimfiɗa. Ga kuma kayan fatauci: gishiri, da kanwa, da takin zamani, da ɗanyar fata. Gishiri in ya sami laima, ba abin da ya fi shi saurin cin ƙarfe. Mai mota ya ɗaga shimfiɗar ya tsokana ƙarfen da sukudireba. Inda ya burma, nan ya riga ya mutu, fenti ba ya tashinsa.

Amma ku sani, ba ƙasan but ne abin tsoro ba, abin da ke ƙarƙashinsa ne. Tankin mai a nan yake rataye, tsakaninsa da wutar walda ƙarfe ɗaya ne ba mai kauri ba. Saboda haka kafin a kunna wuta, wajibi ne a cire wayar batir, a tsiyaye man cikin mazubin ƙarfe, a kwance tiyo, a sauke tankin, a kai shi nesa a sarari. Kada a yi wannan bisa ramin gareji, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, gangarawa yake yi ya taru a ƙasa yana jiran tartsatsi.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Sukan ce ai tankin ba kome ciki, sun girgiza ba su ji motsi ba. Alhali kuwa wanda ba kome ciki ya fi cikakke hatsarin fashewa. Fetur ba ya kamawa sai tururinsa ya gauraya da iska, kuma kaɗan ya isa: tun daga ƙasa da kashi 2 cikin 100 har zuwa wajen kashi 7. Cikakken tanki iska ba ta da wuri a cikinsa. Wanda aka tsiyaye kuwa ya cika da iska, ga ragowar mai maƙale cikin tsatsa da lungunan haɗi, zafi na taɓa shi sai ya tashi. Tanki yakan shekara a yashe, ya bushe ƙamas, ya kuma fashe a hannun mai walda. Masu kanga wuta a bakinsa wai don su ƙone ragowar, caca suke yi da rai, ko da sun sha yi sun tsira.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a wanke shi da ruwan zafi da sabulu sau da yawa, kana a cika shi da ruwa har dab da wurin da za a liƙe, a bar bakinsa a buɗe. Sai dai tanki daga ciki yake ruɓewa, gama ruwa ya fi fetur nauyi, a gindi yake kwanciya. In an ga huda guda, galibi akwai 'yan'uwanta a kusa. Idan gindin ya zama kamar rariya, a haƙura, a nemi wani mai lafiya a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna.

Aikin but ɗin kansa ba wuya ga gwani. A yanke ruɓaɓɓen wurin har a kai ga ƙarfe mai haske, a auna da kwali, a yanko sabon ƙarfe mai kauri daidai da na asali. A riƙa ɗiga walda nan da can ana barinsa ya huce, don in aka ja ta a tafi ɗaya ƙarfen zai kantare. Daga nan a goge, a shafa jan fenti na hana tsatsa ciki da waje, a buɗe 'yan kafofin fitar ruwa, a sake robar murfi.

Akwai masu ɗora kwano bisa ruɓa, su shafe da bodi-fila, su fesa fenti, su kai kasuwa. Malamai sun san hukuncin wannan: Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, a babin ciniki, ta hana algus da ɓoye aibi, kuma mai saye in ya gano yana da zaɓin riƙewa ko mayarwa. Mai sayen tsohuwar Fijo ya tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu: yakan kama ƙarfe, amma inda aka cusa bodi-fila da kauri sai ya sake. Sa'an nan ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya sansana ko akwai warin fetur.