Amira ta yi ƙanwa: wane suna za a raɗa mata?

Kwana shida ne tsakanin haihuwa da safiyar suna, kuma a gidaje da yawa na Maradi, Damagaram da Yamai, waɗannan kwanaki sun koma na kai-komon saƙonnin murya a WhatsApp. Angon ƙarni yana Abijan ko Aljeriya wajen nema, mai jego tana gidan iyayenta wankan jego, ƙannenta mata kuma sun riga sun jero sunaye. Idan babbar 'yar Amira ce, to jerin bai wuce Samira, Munira da Nadira ba. Idan yayan Adnan ne, ana neman Afnan ko Hanan. Kaka dai tana gefe tana jiran a gama, don ita tun ranar haihuwa ta san sunan wanda take so a mayar.

Masu ganin wannan ɗabi'a ta zo ne da finafinai da wayar salula suna da gaskiya rabi. Bahaushe ya daɗe yana duba na gaba kafin ya sa wa na baya suna. Bambancin shi ne da can sunan yana ba da labari. Namijin da ya biyo mata Tanko ne, macen da ta biyo maza Kande ko Delu, wanda ya zo bayan tagwaye Gambo, na ƙarshe kuma Auta. Baƙo ya ji sunan, ya san yadda ɗakin yake ba tare da ya tambaya ba.

Haka ma a sunan yanka. Gidan da aka fara da Abubakar, ba a mamaki in Umaru ya biyo, sannan Usmanu da Aliyu, bisa jerin halifofi huɗu. A wajen mata ana bin 'ya'yan Annabi (SAW): Zainabu, Ruƙayya, Ummu Kulsum da Fatima. Mai Musa yakan so Haruna, mai Isma'ila yakan so Isiyaku. Wanda ya fi duka tsari shi ne na gidajen da kowane ɗa namiji Muhammadu ne, sai a bambanta su da ƙidayar Larabci: Lawali na fari, Sani na biyu, Salisu na uku, Rabi'u na huɗu, Hamisu na biyar, har zuwa Ashiru na goma in Allah ya ba da. Yau waɗannan sunaye sun saki ƙidayar, shi ya sa za a tarar da Sani ɗan fari, don sunan kawunsa ya ci.

Hasan da Husaini ma, da aka san su da tagwaye a ƙasar Hausa, asalinsu wa da ƙane ne. An haifi Hasan a shekara ta 3 bayan hijira, Husaini a ta 4, kuma a Larabci sunan na biyu ƙaramin siffa ne na sunan na farko. Amma al'ada ta riga ta kama su. Wanda ya sa wa ɗansa Husaini don kawai yayansa Hasan ne, yaron zai girma yana amsa tambayar "ina ɗan'uwan tagwaicinka?" Kuma ko a tagwayen ba dole ba ne. Da aka haifa wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tagwaye wajen 1793, namijin ya ci suna Hasan, macen kuwa aka sa mata Asma'u, wadda duniya ta sani da Nana Asma'u.

Abin da ya sauya yanzu shi ne kunne ya karɓi ragama. Ana neman sunan da zai yi daɗin faɗi tare da na yayansa, ya yi kyau a katin gayyata da kan kek. Ba laifi ba ne, sai dai akwai wurare biyu da ake tuntuɓe.

Na farko ma'ana. Idan sunayen da suka dace da amon suka ƙare, wasu sukan ɗauko kowace kalma daga intanet ko daga cikin Alƙur'ani, alhali ba kowace kalmar da ke cikinsa ce ke da kyakkyawar ma'ana ba. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi (SAW) ya sauya sunan wata 'yar Sayyidina Umar daga Asiya mai nufin "mai saɓo" zuwa Jamila. Wannan daban yake da sunan Asiya matar Fir'auna, wanda harufansa na Larabci ba ɗaya ba ne, amma a bakin Bahaushe da rubutun boko duk sun zama guda. Tambayar malamin da ya san Larabci kafin huɗuba ba ta ɗaukar minti biyar.

Na biyu, wanda ya fi shafar 'yan ci-rani, shi ne takarda. A Nijar yawancin mutane ba su da sunan dangi na dindindin, sunan yaro ne sai na mahaifinsa. Ke nan 'yan ɗaki guda sun riga sun haɗa rabin suna. In aka ƙara da Amir da Amira, harafi ɗaya kaɗai ya raba su. In 'yan'uwa uku ne, Abdul Aziz, Abdul Karim da Abdul Razak, fom ɗin ƙasar waje mai gurbi ɗaya yakan yanke sunan a kalmar farko, su ukun su koma Abdoul ɗan wane. Sannan ga rubutun Faransanci da ba ya tsayawa wuri ɗaya: Mahamadou, Mahaman, Mamane da Mohamed duk suna guda ne a gida, amma a gaban ma'aikacin biza mutum huɗu ne. Irin wannan kuskure ba ya nuna kansa ranar suna. Yana fitowa ne lokacin rajistar jarrabawar BEPC, ko wajen karɓar kuɗin da aka turo, ko ranar da uba ya nemi iyalinsa su biyo shi Faransa aka ce takardun yara biyu sun yi kama da na mutum ɗaya.

Dokar rajistar haihuwa ta 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa. Wanda ya wuce wa'adin sai ya bi ta kotu, haka ma wanda yake son gyara sunan da aka rubuta ba daidai ba. Uban da ke nesa, wanda ƙanensa ko surukinsa ne zai je ma'aikatar magajin gari a madadinsa, gara ya rubuta sunan harafi-harafi ya tura, tare da hoton takardar haihuwar babban yaron don sunan uba ya zo iri ɗaya a duka biyun. Saƙon murya ba ya nuna ko "ou" ne ko "u".

Saura rigimar kaka. A nan al'ada ta riga ta buɗe ƙofa, domin yaron da ya ci sunan kakansa ba a kiransa da shi saboda alkunya, sai a ce Abba, Baba, Ummi ko Walida. Gidaje da yawa sun mayar da wannan ƙofa hanyar sulhu. Ranar suna liman ya yi addu'a, a raba goro da dabino, maroƙi ya ɗaga murya ya ce sunan yarinya Hadizatu, kaka ta share hawaye don an mayar da mahaifiyarta. Hadizatu ce za ta shiga takardar haihuwa, kuma babu ma'aikacin da zai rikita ta da Amira. A cikin gida kuwa, tun kafin a gama soya naman rago, ƙannen mai jego sun fara kiranta Samira.