Dodon Bakin Ruwa a Hikayoyin Al'ummai

Duk wanda ya tashi a ƙasar Adar, tun daga Badagishiri da Illela har zuwa Malbaza da Birnin Ƙonni, ya san dodo tun bai san baƙi da wasali ba, domin kafin a kai yaro gaban malam ya riƙe allo, kakarsa ta riga ta ba shi labarin wata halitta mai gashi buzu-buzu da ƙaton ciki, wadda take haɗiye mutum da dabba, wadda kuma ba a cika samunta ba sai a bakin kogi ko a ƙungurmin daji. Abin lura ga ma'abocin hankali shi ne, kusan kowace al'umma tana da nata dodon, kuma galibi takan zaunar da shi ne a daidai wurin da rayuwarta ta rataya.

Ga mutanen da suke zaune a ƙasar duwatsu da fako, inda damina take gajeruwa, rijiya take zurfi, babu abin da ya kai ruwa daraja, kuma babu abin da ya kai shi haɗari sa'ad da ƙorama ta kawo a kwarin Badagishiri ko na Maggiya. Shi ya sa tatsuniya ta ajiye dodo a mashaya. Sananne ne labarin macen nan mai ciki da ta kasa ɗaukar tulunta, dodo ya fito ya aza mata bisa sharaɗin za ta ba shi abin da ta haifa, ta amsa cikin gaggawa, alhali ba ta auna ranar biya ba. Yaron da ya ji wannan ya koyi tsoron gulbi, ya kuma koyi nauyin alkawari.

Haka lamarin yake a hikayar asalin Hausa Bakwai, inda macijin da ake kira Sarki ya tare rijiyar Kusugu ta Daura, ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya sare kansa, ya auri sarauniya Daurama. Mutanen Soninke na tsohuwar daular Wagadu su ma suna da macijinsu, Bida, wanda ake ba shi budurwa kowace shekara domin samun ruwan sama da zinariya. Sai dai su a ruwayarsu, da wani saurayi ya kashe shi don ya ceci wadda yake so, fari ne ya biyo baya, daular ta watse. Ke nan hikaya ɗaya tana yabon wanda ya karya zalunci, ɗayar tana gargaɗi game da warware tsohon alkawari, amma dukansu a kan ruwa suke magana. A ƙasar Sin ma, ƙaton macijin almararsu shi ne ma'abocin koguna da ruwan sama, ana girmama shi har sarakuna suka mai da shi tambarinsu, alhali Turawa sun ɗauki nasu mugu mai aman wuta, wanda ba ya da magani sai takobin jarumi.

Malaman Musulunci ba su yi sakaci da wannan babi ba. Jahiz, mutumin Basra, a cikin Kitabul Hayawan, ya kawo bayanin cewa kaɗaici da duhun hamada su suke sa matafiyi ya riya ya ga gul, wato dodon Larabawa. Ƙazwini, wanda ya rasu a 1283, ya tattara ajabobin halittu a littafi guda, Damiri kuma, wanda ya rasu a 1405, ya jera dabbobi bisa haruffa, na zahiri da na hikaya. Binciken zamani ya nuna cewa wasu daga cikin waɗannan halittu suna da tushe: a 1493 Kolombus ya ce ya ga 'yan matan ruwa a tekun Amurka, masana kuwa sun rinjayar da cewa ayu ne ya gani, ɗan'uwan wanda masunta suka sani a kogin Kwara.

Wajibi ne a nan a rarrabe abu biyu da jama'a suke cakuɗawa. Aljanu halitta ce ta gaibu wadda Alƙur'ani ya tabbatar, har da sura sukutum da sunansu; dodon tatsuniya kuwa ƙirƙirar magabata ce, sun sassaƙa shi domin tarbiyya da nishaɗin dare. Wanda ya ɗauke shi gaskiya ya faɗa camfi, wanda kuma ya yar da shi da sunan wayewa ya yi asarar hikima.

Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa juzu'i uku, amma abin da ya rage a bakin tsofaffin Adar ya fi abin da ya shiga takarda. Saboda haka muna kira ga malaman makaranta da ɗalibai da gidajen rediyo su zauna da waɗannan dattawa, su naɗi muryarsu, su rubuta da harshen Adaranci yadda aka faɗa, tun suna raye. Iyaye kuma, idan sun ba yaro labarin dodo, su bi shi da bayanin haɗarin ƙorama da rijiya, domin ya tashi mai hattara, ba matsoraci ba.