Ƙaramar Caca Ma Caca Ce

Ya ƴan'uwa Musulmi, a Ingila dokar caca ta 2005 ta yarda a buga kartar poka a gidajen giya, muddin abin da mutum zai zuba a wasa guda bai wuce fam 5 ba. Mu kuwa ma'auninmu daban ne: duk wasan da aka zuba kuɗi, wanda ya ci ya kwashe na sauran, caca ce, ko da dala ɗaya ce. Ayoyi na 90 da 91 na Suratul Ma'ida sun haɗa giya da caca, domin suna haddasa gaba, suna shagaltar da bawa daga salla. Mu gargaɗi ƴaƴanmu da ke can, mu kuma guji kartar kuɗi bayan asham. Allah Ya tsare mu.