Maganganun da ake yi kan wake da gujiya a Maraɗi: wace ce gaskiya?

Da zarar damina ta kusato, sai maganar iri ta cika kasuwar Maraɗi da majalisun Tibiri da Jiratawa. Wata gaskiya ce, wata rabin gaskiya, wata kuwa ba ta da tushe.

Ana cewa wake taki ne, gonar da aka shuka shi ba ta buƙatar komai. Rabin gaskiya ke nan. Saiwar wake da gyaɗa da gujiya na da ƙananan ƙululu inda wasu ƙwayoyin halitta ke jawo sinadarin azot daga iska. Amma ƙasar jigawa irin tamu matalauciya ce wajen fosfor, kuma in babu shi aikin ba ya tafiya sosai. Ga kuma abin da ba mu son faɗa: manomi ya tumɓuke harawa ƙaf ya kai kasuwa, to me ya bar wa gona? Sai dai in takin dabbobin da suka ci ta ya koma can.

Ana cewa duk irin zamani an sauya masa halitta. Ƙarya ce. Irin su TN5-78 na cibiyar binciken noma ta INRAN, mai tasha a Tarna, da IT90K-372-1-2 na cibiyar IITA, ta hanyar zaɓe da barbara aka samo su. Waken da aka sauya wa halitta don tsutsar furanni, SAMPEA 20-T, Najeriya ce ta amince da shi a 2019, kuma shi abu ne daban.

Wai kuma irin gida ya tashi aiki. Wannan ce ta fi haɗari. Irin zamani na nuna cikin kwana 70 ko kusa da haka, yana ceto in ruwa ya ɗauke da wuri. Na gida mai yaɗo yana jinkiri, amma shi ke ba da harawa mai yawa, kuma a shekarar da hatsi ya ƙi, harawa kuɗi ce. Mai hankali yana shuka duka biyun. Dattawan Maraɗi sun san sakamakon dogara ga abu guda: gyaɗa ce ta gina arzikin garin, sai farin 1973 da kuturtar gyaɗa ta 1975 suka durƙusar da ita.

Batun ƙuduji ma akwai ruɗani. Wanda ke cin hatsi ba ya kama wake, shi ya sa sauya shuka ke rage shi. Sai dai wake na da nasa ƙudujin, kuma don shi aka samar da irin IT97K-499-35.

Gujiya kuwa, da ake rainawa wai noman mata ce, ta fi gyaɗa jure fari da gajiyayyiyar ƙasa.

Wajen ajiyar wake kuma, buhun PICS mai ruɓi uku babu guba a cikinsa. Rashin iska ke kashe ƙwarin, muddin waken ya bushe sarai, an ɗaure kowane ruɓi da kyau, kuma ledar ba ta huje ba.