Sabuwar Ƙota Ga Sandar Golf

Manomi ya san ba kowace ƙota ce ke shiga fartanya ba. To, haka abin yake ga direba, wato doguwar sandar nan da ake buga ƙwallon golf nesa da ita, a filin Achimota ne ko a wani wuri.

Mai ƙaramin ƙarfi yakan sayi direba ta gwanjo, wadda mai ita na farko ya riga ya taɓa: ko ya rage tsawonta, ko ya liƙa wa kanta dalma don ƙarin nauyi. Ranar da ƙotar ta karye, sai a garzaya a sayi wadda aka samu. Nan ake asarar kuɗi.

Malam, fara auna bakin ƙotar. Kaurin yawancinsu inci 0.335 ne, wasu 0.350. Mahaɗin TaylorMade kuwa ba ya shiga kan Callaway.

Sai batun tauri, wanda ake rubutawa L, A, R, S, X, daga mai laushi zuwa mai tauri. Kai mai dalma yana ƙara lanƙwasa ƙota, saboda haka R ɗin da ka saba za ta yi maka laushi. Amma kada girman kai ya kai ka ga X. In hannunka ba shi da sauri, ƙwallon ba za ta tashi sama ba.

Doka ta yarda da tsawon inci 48, ko da yake tun 2022 masu shirya manyan gasa suna iya tsayar da shi a 46. In za a yanke, a tuna yankan ƙasa yana ƙara tauri. Bayan an sa gam, a bar sandar ta kwana.